Sai Bango Ya Tsage: Yadda Raunin Mutum Ke Kai Kirista ga Musun Bangaskiyarsa

A shekara ta 250, sarkin Roma Desiyus ya ba da umarni cewa mazauna daularsa su je gaban jami'an gwamnati su miƙa hadaya ga gumaka, su zuba ruwan inabi, su ɗanɗana naman hadayar, sannan a ba kowa takardar shaida mai sa hannun jami'ai. An tono irin waɗannan takardu sama da 40 a ƙasar Masar, kuma har yau ana iya karanta su. Abin da ya faru a birnin Kartaj, wanda kangonsa ke Tunisiya ta yau, ya girgiza shugabannin ikilisiya ƙwarai. Bishop ɗin birnin, Sifiriyan, ya rubuta a shekara ta 251 cewa Kiristoci da yawa ba su ma jira an kama su ba. Da ƙafarsu suka je dandali. Da yamma ta yi jami'ai suka ɗage aikin, waɗansu har roƙo suka yi kada a jinkirta musu. Ko bulala ɗaya ba a yi musu ba.

Da Sifiriyan ya zauna neman dalili, bai tsaya a kan zafin dokar sarki ba. Ya koma baya, kan shekarun zaman lafiya da suka gabata. Ya ce a cikinsu ne mutane suka duƙufa tara dukiya, har waɗansu bishop-bishop suka bar garkensu suka shiga yawon fatauci. Da ranar gwaji ta zo, dukiyar ce ta zame musu mari a ƙafa. Wannan ita ce gaskiyar da duk mai kiwon rayuka ya kamata ya riƙe: ranar da mutum ya buɗe baki ya yi musun Ubangijinsa, ba ranar ce abin ya soma ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar takan yi shekaru tana nan, mai gidan bai sani ba, ko kuwa ya sani ya shafe ta da farar ƙasa.

Kafin a yi nisa, akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai musu, wato mutum ya ce bai san Almasihu ba a cikin wani lokaci na matsi, alhali zuciyarsa ba ta sake shi ba. Akwai ja da baya, wato sanyin da ke shiga a hankali har mutum ya daina addu'a da sujada ba tare da ya taɓa furta komai ba. Sannan akwai ridda, wato yanke shawara a tsanake cewa an bar bangaskiyar. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauki mai musu kamar mai ridda yakan tura shi zuwa riddar da hannunsa. Manzo Bulus ma ya ƙara wani nau'i a Titus 1:16, na masu cewa sun san Allah amma ayyukansu na musunsa.

Babu inda aka buɗe wannan al'amari filla-filla kamar labarin yadda manzo Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, kuma dukan Bisharu huɗu sun kawo shi. Abin lura na farko shi ne Bitrus ba matsoraci ba ne a yadda muka saba fahimtar kalmar. A daren da aka kama Yesu ne ya zaro takobi gaban taron da suka zo da makamai ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Matsalarsa ita ce bai san inda ƙarfinsa ya tsaya ba. Da Yesu ya gargaɗe shi, sai ya ce ko kowa ya yi tuntuɓe ban da shi (Markus 14:29). A cikin wannan magana akwai kuskure biyu: ya auna kansa da 'yan'uwansa maimakon ya auna kansa da jarabar, kuma ya ƙaryata wanda ya fi shi sanin zuciyarsa. Wanda ya tabbata ba zai faɗi ba ba ya yin shiri. Shi ya sa a lambun Getsamani, da aka ce ya yi tsaro ya yi addu'a don kada ya faɗa ga gwaji, sau uku ana tarar da shi yana barci.

Daga nan sai abin ya zo masa ta inda bai zata ba. Bitrus ya shirya wa faɗa, ya shirya mutuwa irin ta jarumi da takobi a hannu. Bai shirya wa ganin Malaminsa ya miƙa kansa an ɗaure shi ba, bai kuma shirya wa jin an ce ya mai da takobi kube ba. Da hanyar da ya sani ta rufe, sai ya rasa ta yi. Wannan na faruwa da masu bi da yawa: suna da amsar da za su ba mai barazanar kashe su, amma ba su da amsar da za su ba abokin aiki da ya yi musu tambaya cikin raha gaban jama'a, ko surukin da suke jin nauyinsa.

Sai ya bi daga nesa (Markus 14:54). Bai gudu ba, bai kuma tsaya kusa ba. Ya shiga farfajiyar babban firist ya zauna da dogarai yana jin wuta tare da su. A duba yanayinsa a wannan sa'a: dare ne, akwai sanyi, gajiya da baƙin ciki sun cika shi, ba ya tare da taron almajirai, kuma ya riga ya zauna kamar ɗaya daga cikin mutanen wurin. Tun kafin a tambaye shi komai, zaman da ya yi ya riga ya ba da amsa. Wadda ta fara yi masa magana baranya ce, ba alƙali ko soja ba.

Musun kansa ma hawa-hawa ya zo. A yadda Markus ya kawo shi, amsar farko kaucewa ce: bai sani ba, bai ma gane abin da take faɗa ba. Sai ya matsa zuwa zaure, ya sauya wuri amma bai bar gidan ba. Na biyu ya zama musu kai tsaye. Luka ya ce wajen sa'a guda ta wuce kafin na uku, wato ya sami isasshen lokacin da zai tashi ya fita, bai fita ba. Da suka gane shi ta karin harshensa na Galili, ga kuma ɗan'uwan wanda ya sare wa kunne a cikin masu tambayar, sai ya shiga rantsuwa da la'antar kansa. Kowace ƙarya tana bukatar wadda ta fi ta girma don ta kāre ta. Saboda haka wuri mafi sauƙi na tsayawa shi ne tambayar farko, lokacin da gaskiya ba ta da tsada sosai. A tambaya ta uku, mutum zai amsa cewa shi almajiri ne, ya kuma amsa cewa sau biyu ya yi ƙarya, kuma wannan nauyi biyu ne.

Akwai wani abu da masu wa'azi kan tsallake, alhali yana da amfani sosai. Raunin Bitrus bai ɓace ba bayan tubansa, ko bayan Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai. Shekaru da yawa daga baya a Antakiya, yana cin abinci tare da masu bi 'yan al'ummai, da waɗansu mutane suka zo daga wurin Yaƙub sai ya janye jikinsa don tsoron abin da za su ce, har Barnaba ma ya biye masa. Sai da Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Tsagar dai ita ce ta dā, wato tsoron idon mutane. Bambancin shi ne a wannan karon akwai ɗan'uwa kusa da ya faɗa masa gaskiya nan take. Kada wani mai bi ya ɗauka cewa raunin da ya taɓa kā da shi ya mutu. Yakan sauya riga ne ya dawo.

Tsoron mutane shi ne ya fi yawa, kuma ba ya bukatar takobi. Yohanna 12:42-43 ya ce shugabanni da yawa sun gaskata da Yesu amma ba su bayyana ba, don kada a fitar da su daga majami'a, gama sun fi son yabon mutane. Amma akwai wani rauni da ya yi kama da akasin wannan, wato zafin kai. A labarin shahadar Folikaf, bishop ɗin Simirna a ƙarni na biyu, an ambaci wani mai suna Kwintus daga Firijiya. Shi ne ya kai kansa gaban hukuma, ya kuma zuga waɗansu su biyo shi. Da ya ga namun dajin da za a sakar masa, sai gabansa ya faɗi, ya yi rantsuwa ya miƙa hadaya. Marubutan labarin suka ce saboda haka ba sa yabon masu miƙa kansu, don Bishara ba ta koyar da hakan ba. Folikaf kuwa, wanda ya yarda ya fita daga gari ya fake a gona har aka zo aka kama shi, shi ne ya tsaya daram. Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:23). Sanin iyakar ƙarfinka da kauce wa gwajin da ba a kira ka zuwa gare shi ba, hikima ce.

Son abin duniya kuwa aikinsa irin na gara ne, daga ciki yake ci. Yahuza Iskariyoti shi ne ma'ajin almajirai, kuma Yohanna 12:6 ya faɗa a fili cewa yakan taɓa abin da ke cikin jakar. Azurfa 30 ɗin da ya karɓa ba su ne farkon cinikinsa ba. Ƙaramar sata da ba wanda ya gani, ana yi ana maimaitawa, ita ce ta koya wa lamirinsa yin shiru. Dimas ma haka. A Kolosiyawa 4:14 yana cikin masu aika gaisuwa tare da Luka, a Filimon an kira shi abokin aikin Bulus, a 2 Timoti 4:10 kuwa ya yashe shi ya tafi Tasalonika saboda ƙaunar duniyar nan. Ba a ce ya yi gardama kan wata koyarwa ba. Zama kusa da ɗan kurkuku ne ya yi masa tsada.

A zamanin Desiyus wannan raunin ya fito da wata dabara da ta cancanci a dube ta da kyau. Waɗanda suka fāɗi sun kasu kashi-kashi: masu miƙa hadaya, masu ƙona turare kawai, da kuma waɗanda ba su je gaban gunki ba sam, sai dai suka ba da kuɗi aka rubuta musu takardar cewa sun yi. Waɗannan na ƙarshe suna ganin sun tsira ta kowane gefe, dukiya na nan, lamiri kuma bai ƙazantu ba. Ikilisiya ta ce laifinsu bai kai na masu hadaya ba, amma laifi ne, domin takardar tana shaida a bainar jama'a cewa mai ita ya rabu da Almasihu, shi kuwa ya yarda a ɗauke shi haka. Irin wannan ita ce jarabar da ta fi kama masu ilimi da masu abin hannu: a nemo kalmar da za ta sa wancan ya ji ka yi musu, kai kuma ka gaya wa kanka ba ka yi ba. Hanyar gane ta ɗaya ce. Ka tambayi kanka me kake so mai sauraronka ya fahimta, ba me kalmar take nufi a cikin ranka ba.

Sai zunubin da ake ɓoyewa, musamman na sha'awa. Yadda yake aiki daban ne da na tsoro. Mutum yana aikata abin da ya san bangaskiyarsa ta hana, kuma ba ya son ya bari. Ba zai iya zama har abada tsakanin abu biyu masu jan sa ba, dole ɗaya ya saki. In bai bar halin ba, sai ya fara rage bangaskiyar don ta daina damunsa: addu'a ta gajarce domin tana tuna masa, ya fara kauce wa Jibin Ubangiji, wa'azi ya fara yi masa kamar da shi ake. A ƙarshe sai tambayoyi na ilimi su taso, su zama mafaka. Bulus ya jera abin haka a 1 Timoti 1:19: waɗansu sun yi watsi da lamiri mai kyau, sai jirgin bangaskiyarsu ya farfashe. Lamiri ne ya fara tafiya. Sulemanu bai rasa hikima ba, amma 1 Sarakuna 11 ya ce da ya tsufa matansa suka karkatar da zuciyarsa ga waɗansu alloli. Mai ba da shawara da ya tsaya amsa hujjojin irin wannan mutum kawai zai yi ta ɗibar ruwa da kwando, ya rufe wannan tambaya wata ta buɗe.

Amma a yi hattara ƙwarai a nan, domin an zalunci mutane da yawa da wannan fahimta. Ba kowane mai shakka ne ke ɓoye zunubi ba. Yahaya Maibaftisma, yana kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwa ko a sa ido ga wani, kuma Yesu bai tsauta masa ba, ya aika masa da shaida, sannan ya yabe shi gaban taro (Matiyu 11). Almajiri Toma ya yi mako guda cur yana cewa ba zai gaskata Yesu ya tashi daga matattu ba, amma yana cikin 'yan'uwa, ba wanda ya kore shi. Akwai kuma waɗanda suka bar ikilisiya domin shugaba ya ci amanarsu ko ya ci zarafinsu, kuma kiran wannan raunin bangaskiyarsu ƙarin zalunci ne. Akwai waɗanda suka yi tunani suka kai ga wata matsaya dabam da gaske. Wanda zai taimaka dole ya fara da sauraro har ya gane wanne ne a gabansa.

Ɗacin rai kan biyo bayan alkawarin da Allah bai yi ba. Wanda aka koya wa cewa bin Almasihu na nufin ba ciwo, ba talauci, ba rashin haihuwa, ranar da ɗansa ya mutu zai ga kamar an yaudare shi. A misalin mai shuka, irin da ya faɗa kan dutse ya tsiro da sauri, an karɓi maganar da murna, amma ba saiwa, da rana ta yi zafi sai ya bushe. Ranar da ta ƙone shi ita ce ta nunar da hatsin da ke ƙasa mai kyau. Asaf a Zabura 73 ya amsa cewa ƙafarsa ta kusa zamewa da ya ga mugaye suna ci gaba shi kuwa yana shan wuya, kuma abin da ya cece shi shi ne ya kai ƙorafin nasa cikin Haikali maimakon ya fita da shi. Ikilisiyar da ba ta koya wa mutanenta zaburar kuka, wadda a cikinta ba a iya cewa "ya Ubangiji, har yaushe", tana barin masu baƙin ciki da zaɓi biyu kacal: su yi murmushin ƙarya ko su fita.

Jiki ma yana da nasa rabon. Annabi Iliya, bayan nasararsa a kan annabawan gunki Ba'al a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa shi gudu har ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana. Daga baya ne aka gyara masa lissafinsa, aka ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama mataimaki. Mai bi da ya yi watanni ba ya samun barci, ko yake fama da ciwon damuwa, ya ce ba ya jin Allah kuma, sau da yawa likita da hutu yake bukata tare da addu'a. A can ƙarshen wannan layi akwai azaba ta zahiri. A Nagasaki ta ƙasar Japan, a shekara ta 1633, an rataye Kiristoba Ferera, babban ɗan mishan daga Fotugal, kai a ƙasa cikin rami, kuma bayan wajen sa'a 5 ya ba da alamar ya bar bangaskiya. Wanda bai taɓa shiga irin wannan ba ya sassauta harshensa a kan waɗanda suka shiga.

Masana tauhidi sun daɗe suna jayayya kan ko mai bi na gaskiya zai iya fāɗuwa har abada. Masu bin koyarwar masanin tauhidi Kalbin suna cewa ba zai iya ba, suna riƙe da 1 Yohanna 2:19, cewa waɗanda suka fita dama ba namu ba ne, masu bin masanin tauhidi Arminiyus kuma suna cewa zai iya, suna nuna gargaɗin Ibraniyawa 6. A wurin aikin kiwo dai ɓangarorin biyu abu ɗaya suke yi: su gargaɗi mai tsaye, su bi sawun wanda ya fāɗi.

Ja da baya yana da alamomi, kuma sukan zo a jere. Addu'ar kaɗaici ce ke fara mutuwa, ba wanda ke gani. Sai karatun Littafi Mai Tsarki ya koma na shirin koyarwa kawai, ko ya tsaya. Sai mutum ya fara zuwa sujada a makare ya fita da wuri don kada a tsai da shi hira. Sai ya janye daga mutum ɗaya ko biyun da ke iya yi masa tambaya mai zafi. Sai harshensa ya sauya, daga "mu" ya koma "su" in yana maganar ikilisiya. Daina zuwa gaba ɗaya shi ne kusan na ƙarshe, amma shi ne kaɗai abin da yawancin ikilisiyoyi ke lura da shi. Mai aiki a ikilisiya ya fi kowa haɗari a nan, domin mawaƙi ko mai wa'azi zai iya ci gaba da aikinsa shekaru bayan cikin ya bushe. Tun wajen shekara ta 112, gwamna Filini na Bitiniya ya rubuta wa sarki Tarajan cewa cikin waɗanda aka kawo ƙara gabansa akwai masu cewa dā su Kiristoci ne amma sun bari, waɗansu shekara 3 da suka wuce, waɗansu har 20. Su ne suka yi wa siffar sarki sujada suka zagi Almasihu. Shi ya sa Ibraniyawa 3:13 ya ce a riƙa yi wa juna gargaɗi kowace rana, domin zunubi na taurara zuciya ta hanyar yaudara, kuma wanda ake yaudara ba ya ganewa da kansa.

Rigakafin a aikace ba shi da wuyar fahimta. Mutum ya san sunan rauninsa takamaimai: "ni mai zunubi ne" ba ya tsare kowa, amma "ina canza magana in ina gaban wanda ya fi ni matsayi" yana nuna inda za a sa mai gadi. Ya faɗa wa mutum ɗaya amintacce, ya ba shi izinin tambaya a kai a kai. Ya shirya amsa gajeriya tun kafin a tambaye shi, jimla ɗaya mai ladabi da ke bayyana ko shi wane ne, ya kuma faɗe ta da wuri a sabon wurin aiki ko makaranta, domin shirun wata shida ya fi na rana ɗaya wuyar warwarewa. Kada ya yanke babbar shawara kan bangaskiyarsa cikin makoki, ko fushi, ko tsakiyar sabuwar soyayya.

In kuma an riga an fāɗi, abin da ke yanke hukunci shi ne inda mutum ya kai kunyarsa. Bitrus da Yahuza duka sun yi baƙin ciki kusan a lokaci ɗaya. Yahuza har ya furta cewa ya ci amanar marar laifi, ya mai da kuɗin. Amma wurin manyan firistoci ya kai tubansa, su kuwa suka ce ina ruwansu, shi ta shafa. Ya fita shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma ranar Lahadi da safe yana tare da wani almajiri lokacin da labari ya iso cewa ba kowa a kabarin Yesu. Mutane da yawa da ake ɗauka sun yi ridda, kunya ce kawai ta hana su dawowa. Mako ɗaya ya zama wata, wata ya zama shekara, daga baya sai su nemo dalilin da za su riƙa faɗa.

A nan ne ikilisiya kan yi kuskure ta gefe biyu, kuma duka biyun sun bayyana a shekara ta 251. A Roma, wani firist mai suna Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi hadaya, ya ɓalle daga bishop Korneliyus a kan haka. A Kartaj kuwa waɗansu suna raba takardun yafewa barkatai ba tare da alamar tuba ba. Taron bishop-bishop na Kartaj ya bi tsakiya: a duba kowane mutum da yanayinsa, masu sayen takarda a karɓe su da wuri, masu hadaya su yi dogon tuba amma kada a bar su su mutu a waje. Taron Nikiya na shekara ta 325 ya tsara wa waɗanda suka yi musu ba tare da an tilasta musu ba shekara 12 a matakai uku: 3 suna sauraro, 7 suna durƙuso, 2 suna addu'a tare da jama'a ba tare da cin Jibi ba. Tsawon ya yi yawa a idon yau, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne: akwai hanyar dawowa, an san matakanta, kuma ana bambanta wanda aka azabtar da wanda ya je da ƙafarsa.

Yadda Yesu ya mai da Bitrus shi ne tsarin da ya fi dacewa a bi. Bayan tashin Yesu, saƙo ne ya fara zuwa daga sama, da sunan Bitrus a ciki: a gaya wa almajiransa da Bitrus (Markus 16:7). Ikilisiya ce za ta fara tafiya wurin wanda ya fāɗi, cikin makon farko ko na biyu, mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su, ba kwamiti ba. Sannan ganawa ta sirri kafin ta fili, gama Luka 24:34 ya nuna Ubangiji ya bayyana ga Siman, wato Bitrus, tun kafin karin kumallon da ya yi da almajirai a bakin teku (Yohanna 21). A bakin tekun ma sai da aka ci abinci kafin a yi magana. Ba a share laifin kamar bai faru ba: wutar gawayi ce kamar ta farfajiyar babban firist, tambaya kuma sau uku, har Bitrus ya ji zafi. Amma tambayar a kan ƙauna take, ba a sa shi ya ba da bayanin dalilin musunsa ba, ba a kuma nemi ya sake yin alkawarin jarunta ba. Bayan kowace amsa sai aka ba shi aiki.

Wannan mataki na ƙarshe ne aka fi kasawa a kai. Ana karɓar mai tuba ya zauna a bencin baya har ya tsufa, kowa na tuna masa da ido. Mai da mutum kan aiki na bukatar lokaci da lura, kuma wanda kuɗi ne ya kā da shi bai kamata a sake ba shi jaka ba, wanda ya cuci yara ko mata kuwa ba a sake ba shi iko a kansu, kuma tuba ba ya hana a kai shi gaban hukuma. Amma a mafi yawan lokuta akwai aikin da zai iya. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima, har batun sake tafiya da shi ya raba manzannin biyu. Barnaba ne ya ɗauke shi zuwa Kubrus ya ci gaba da aiki da shi. A wasiƙar da Bulus ya ba da labarin tafiyar Dimas, a aya ta gaba, ya ce wa Timoti ya taho da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima.